Duna a Cikin Rumbu

A Tsibiri na tashi, hannun kakata Hajo, a shekarun da ruwa ya ƙi sauka kuma soja ke riƙe da ƙasa. Mu uku ne jikoki a gidan, na huɗunmu Duna, baƙin kare mai farin ƙirji. In an yi magariba an sauke tuwon jar dawar taimako, Kaka takan ƙara kara a murhu mu kewaye ta. Duna yakan kwanta can gefe, don bai da izinin hawa tabarma, amma kowa ya san wa ta fi so. Ita ke cire masa kaska a kunne da hannunta, in ƙazwa ta kama shi ta kwaɓa toka da man gyaɗa ta shafa masa, tana yi tana zaginsa. Ni da take kira maigidanta ban taɓa samun irin wannan gata ba.

Kaka ba ta yarda da duk abin da ya zo cikin mota ba. Ban ga laifinta sosai ba, domin a lokacin ko manyan maza in za su ambaci gwamnati sai sun duba bayan danga.

Wata ranar kasuwa mai shela ya zaga gari. Ya ce haukan kare ya ɓulla wajen Jiratawa, don yunwa ta koro diloli daga daji suna cizon karnukan gida. Lokotoron bisashe, wato likitan dabbobi, zai zo daga Maraɗi, kowa ya kai karensa ƙofar mai unguwa a yi masa allura, a ɗaura masa jar igiya a wuya. Kaka ta ji, ta taɓe baki. Da yamma ta ce yau akwai sabuwar tatsuniya.

"Ga ta tana tahe, mai kunne ya matso," ta ce.

Wai a wata shekarar yunwa kura ta rame har ba ta iya bin akuya da gudu. Sai ta rataya gafaka ta shiga garin awaki a matsayin mai magani. Ta ce wata cuta na zuwa, amma duk wadda ta bari aka shafa mata magani aka ɗaura mata kaba a wuya ta tsira. Awaki suka yi layi. Kura tana shafawa tana latsa haƙarƙari, mai ƙiba ta ɗaura mata kaba, ramammiya ta ce ta dawo gobe. Wata tsohuwar akuya ta lura mai maganin nan yawu ke zuba daga bakinta, sai ta kife ɗanta da turmi. Kafin wata ya mutu babu mai kaba ko ɗaya da ta rage a garin.

"Wanda duk ya ɗaura maka alama, so yake ya gane ka ranar da ya dawo," in ji Kaka. "Ta ƙare. Kowa ya riƙe bakinshi gobe."

Da sassafe ta sa muka ciccibi Duna muka zura shi cikin rumbu, wanda dama babu ko zangarniya ɗaya a ciki. Ta miƙa masa ruwa a kasko ta rufe. Daga kan danga na hango motar, da lokotoro cikin kaki, da soja guda zaune a baya. Ganin sojan ya ƙara mata ƙarfin gwiwa.

Maƙwabcinmu Mushe Bulus, Kirista ne mai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, ya dawo da nasa karen da jar igiya. Ya ji kukan Duna daga rumbu, ya leƙo.

"Inna, ki bari in kai shi, ba su tahi ba tukun. Cutar nan in ta kama kare ba ta da magani, kuma in ya ciji yaro shi ke nan."

"Mushe, mi ya kawo soja wurin allurar kare?" ta ce. "Mutane na mutuwa da yunwa ba su zo ba, sai kare sunka tuna? Duna lahiyarshi lau."

Bai ja da ita ba. Sai da motar ta bar gari muka fito da Duna daga rumbu. Bayan kwanaki ya sake zuwa ya ce zai ɗauki Duna a keke har Maraɗi, ta ce ya gaida gida.

Motar ta dawo da hantsi wata rana, ba shela. Umarni aka ba su, duk karen da ba igiya a wuyansa a harbe. Duna yana kwance a inuwar ƙofar gida, ya tashi yana kaɗa wutsiya. Karen Mushe na gefensa da jar igiyarsa, shi ko kallonsa ba su yi ba.

Yanzu ina zaune a unguwar Zariya ta Maraɗi, ina da kare da kyanwa, kuma duk lokacin allura nakan kai su da kaina. Amma na daɗe ina juya tatsuniyar nan a raina. Kaka ba wawiya ba ce. Ta ce za su dawo, sun kuwa dawo. Abin da ya ɓace mata shi ne wanda za su dawo dominsa, kuma babu wanda ya sauko daga motar ya zauna ya yi mata bayani. Tsoron da ya kare ta daga abubuwa da yawa a zamanin nan, shi ya ci mata Duna, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

A garinmu ba a binne kare, jan sa ake yi a kai bayan gari. Kaka ta ɗauki hauya ta haƙa rami a bayan ɗakinta, ta hana kowa taimaka mata. Da ta gama ta tsaya a jikin danga ta kira maƙwabcin.

"Mushe, allurar nan, da zahi?"

"A'a, Inna. Nawa ko kuka bai yi ba."

Ta jingine hauyar a jikin danga. Da magariba ba ta ƙara kara a murhu ba, ta ce mu je mu kwanta.