Sunan da Hajo Ta Kasa Kira

Ni dai tun da nake ban taɓa ganin mai kunya irin Yaya Hajo ba, kuma na sha gaya mata ido da ido cewa kunyar nan tata wata rana sai ta cuce ta. Ni Asabe Babarbariya ce, ita Bafulatana, akwai wasa tsakaninmu, don haka ba abin da bakina ba ya faɗa mata. Danga ɗaya ce ta raba gidajenmu a bakin kogi, nan Haɗeja. Iyayenta da shanu suka zo daga wajen Birniwa, annoba ta cinye shanun sai 'yan tsiraru, suka zauna. Ta auri Hamman, manomin shinkafa a fadama. Ita kuma tana tallar nono. Ko ruwa ya yi ambaliya ya shafe hanya, za ka hango ta tana ratsa shi har iya ƙugu, ƙwarya a ka, ba ta tangaɗi. Siririya ce, ba ta da yawan magana, in ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi.

Ɗanta na fari namiji ne, aka sa masa Shu'ibu, sunan mahaifin Hamman. To ka ji, abu biyu sun haɗu: ga ɗan fari, ga sunan suruki. Kowa ya san kunyar ɗan fari, mu ma muna yi, amma ta Hajo ta wuce misali. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko laƙabin da kakarsa ta sa masa ba ta faɗa. "Wancan" take ce masa. In ya shigo gida sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya wa ƙofa baya. In ta zuba tuwo sai ta miƙa wa ƙanwarsa Ramatu ta ce, "Kai wa wancan." Wanda bai sani ba sai ya rantse ba ta ƙaunarsa. Ni na sani. Lokacin da ƙyanda ta kama shi yana ƙarami, a ɗakin kakarsa yake kwance, Hajo ta wuni tsugune a bayan danga, jim kaɗan ta leƙo gidana ta ce, "Asabe, don Allah je ki dubo min ko yana numfashi."

Na ce, "Ke ƙafarki karyewa ta yi? Ba ke kika haife shi ba?"

Ta sunkuyar da kai. Haka na riƙa zarya tsakanin uwa da ɗa har yaron ya tashi.

Shu'ibu ya girma, dogo, mai barkwanci, akwai shi da wushirya. Shekarar da ruwa ya zo da wuri ya haɗiye shinkafa, abin da ya tsira kuma tsuntsaye suka ƙarasa, samarin unguwa suka tafi cin rani Kano, har da shi. Lokacin yaƙin Turawa ne, ana ta neman masu ƙarfi. Da damina ta matso kowa ya dawo ban da Shu'ibu. Wata daminar ta zo ta wuce, shiru. Hamman ya kwanta ciwon ƙirji, bai tashi ba. Har ya cika yana tambayar ko yaron ya iso.

Da Hajo ta gama takaba, wani falke ya ce ya ga Shu'ibu da idonsa yana dakon buhunan gyaɗa kusa da tashar jirgi a Kano. Ni kuwa sana'ata bandar kifi, nakan kai Kano in sayar. Rannan ina cikin shirya kwanduna sai ga ta tsaye a kaina.

Ta ce, "Asabe, in za ki tafi zan bi ki."

Na ce, "Ke? Ke da ko kasuwar Kafin Hausa ba ki taɓa zuwa ba?"

Ta ce, "Uban wancan ya rasu, bai sani ba. Gonar na nan ba mai shiga. Ina so ya dawo gida."

Ban ƙara tsokanarta ba ranar. Muka bi masu jakuna zuwa Malam Madori, muka hau jirgin ƙasa. Tun da jirgin ya motsa ta ƙanƙame hannuna, ba ta sake ni ba sai da muka sauka.

A Fagge nake sauka, gidan fatomana Malam Gwadabe, wanda ke karɓar baƙi 'yan kasuwa ya nema musu masu saye. Da ya ji abin da ya kawo Hajo sai ya girgiza kai. Ya ce da rana ba a samun ɗan dako, suna cikin shingen kamfani, kai a ƙarƙashin buhu, mai gadi kuma ba zai bar mace ta shiga ba. Ya ce, "Baiwar Allah, a Kano da yamma ake neman mutum. Duk wanda ya wuni yana wahala, in rana ta yi sanyi sai ya fito kallo. Ku bi wuraren kallo."

Matarsa Zinariya kuwa murna ta kama yi, ta sami dalilin fita. Ita a ganinta baƙi ne suka zo ganin birni. Ta dinga lissafa mana, akwai dambe, akwai 'yan kama, akwai fitilun hanyar Sabon Gari, ai kuwa sai mun ba da labari a ƙauye. Na ce mata Haɗeja ba ƙauye ba ce, ta iya bakinta.

Muka fara da filin dambe bayan la'asar. Kalangu na tashi, maza na ihu, ƙura ta turnuƙe, mu mata muna can gefe wajen masu sayar da ƙosai. Kowa idonsa na kan 'yan dambe, Hajo ita kaɗai ta juya musu baya tana bin fuskokin 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya. Aka ka da wani ƙato, fili ya ruɗe, ko waiwayawa ba ta yi ba.

Wata yammar muka bi hanyar Sabon Gari bayan magariba. Magidanta da iyalansu na tafe a hankali suna kallon fitilun lantarki, ga masu tsire, ga masu shayi, wani kanti an kunna garmaho mutane sun yi cincirindo suna leƙen inda mai waƙar ya ɓuya. Hajo ta ɗaga kai ta dubi fitilun ta ce a hankali, "Wa ke hawa ya zuba musu mai?" Zinariya ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba, don na ga idon Hajo ya riga ya koma kan mutane.

Ni ce mai tambaya. In na ga gungun 'yan dako a teburin mai shayi sai in matsa in ce, "Samari, kun san wani Shu'ibu Bahaɗeje, dogo, mai wushirya?" Wani ya ce ya san Shu'ibu amma gajere ne, mutumin Gumel. Wani ya ce kamar ya taɓa ganinsa. Wani ya ce, "Inna, Shu'ibu a garin nan ai sun fi buhun gyaɗa yawa." Duk wannan Hajo na bayana a tsaye kamar an dasa ta, mayafi har hanci. Haushi ya ishe ni, na juyo na ce, "Yaya Hajo, wai ɗana ne ko naki? Nan fa ba wanda ya san ki, ba surukarki, ba kowa. Buɗe baki ki tambaya mana!"

Ta ce, "Asabe, ina so. Ba ya fitowa ne."

Wallahi sai tausayinta ya kama ni, na rasa inda zan sa kaina.

Bandata ta ƙare, ya kamata mu koma, sai mai shela ya bi unguwa yana cewa za a yi majigi a babban fili bayan magariba, kowa ya fito, maza da mata da yara. Malam Gwadabe ya ce in dai yaron na garin nan, to can zai je, don majigi kyauta ne, ba ɗan dakon da ke wuce shi.

Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Mota ta tsaya a tsakiyar fili, an kafa farin ƙyalle tsakanin sanduna biyu, inji na ruri. Iyalai sun zo da tabarmi, tsofaffi da buzu, masu gyaɗa da rake na kewayawa. Aka fara nuna yadda ake shuka gyaɗa a layi, wani mutum na bayani da babbar murya, sannan aka nuno sojoji na maci, yara na tafi. Filin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, hanyoyin fita kuma biyu ne. Hajo da kanta ta ce mu rabu, ita ta tsaya a bakin hanyar tasha, ni in kewaya ɗaya gefen. Na riƙe kafaɗarta na ce, "In kin gan shi, don girman Allah ki kira shi. Kin ji ko?" Ta ce to.

Na kewaya iya ƙafata, ina leƙa fuskar duk dogon da na gani, har wani ya ce ko miji nake nema. Aka kashe inji, taro ya watse, na dawo inda na bar ta. Na same ta zaune a ƙasa dirshan, takalminta ɗaya babu.

Ta ce, "Na gan shi."

Na ce, "Ina yake? Ina?"

Da ƙyar na tattara maganar daga bakinta. Wai ana cikin nuna sojojin nan sai haske ya faɗo kan wasu samari uku da suka taso za su fita, na tsakiyarsu shi ne. Ya rame, ya yi baƙi, amma yana dariya, ga wushiryar nan. Suka nufo ta kai tsaye. Ya matso har tana jin muryarsa, da ta miƙa hannu da ta taɓa rigarsa. Sai hannun nata ya yi abin da ya saba yi tun yaron na goye: ya ja mayafi ya rufe fuska, ta juya baya. Shi kuwa ya ga wata mata a kan hanya, ya kauce mata da ladabi, ya ce, "Gafara, Inna," ya wuce. Ta buɗe baki. Ta ce sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Abin da ya fito shi ne "Kai! Kai!" kuma a filin nan kowa kai ne. Ta bi su da gudu, mutane suka taso gaba ɗaya, aka bangaje ta ta faɗi.

Na so in zage ta. Zagin na nan a bakina, na kwashe shekaru ina tanadinsa. Amma da na dubi fuskarta sai na zauna kusa da ita a ƙasa, muka yi ta kuka kamar yara, mutane na ratsa mu suna wucewa gida.

Washegari Malam Gwadabe da kansa ya bi shingayen gyaɗa yana tambaya. Ya dawo da azahar ba labari mai kama hankali. Wani ya ce an kwashi 'yan dako da safe a jirgi zuwa haƙar kuza a Jos. Wani ya ce samari da yawa sun shiga soja a makon. Wani kuma ya ce ai Bahaɗejen nan ya daɗe yana maganar tafiya Ikko. Ba wanda ya iya cewa ga inda ya nufa, kuma har Hajo ta koma ga Mahaliccinta bayan shekaru, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Gonar, mijin Ramatu ne ya riƙa nomawa.

Amma a yammar ranar da Malam Gwadabe ya dawo da wannan labari, kafin mu kama hanyar gida, ta ce in raka ta filin. Na ce ba majigi yau, mota ta tafi. Ta ce ta sani. Muka je rana na shirin faɗuwa. Fili fayau, sai ɓawon rake da ramukan sanduna, da awaki na kiwo. Ta taka har daidai inda ta tsaya jiya. Ta sauke mayafinta zuwa kafaɗa. Na ga ƙirjinta na hawa da sauka. Sai ta ɗaga murya, muryar da ban taɓa sanin tana da ita ba.

"Shu'ibu!"

Ta sake kira, ta kuma sakewa, har muryar ta dushe.

Can gefen fili wani ɗan garuwa da ke wucewa ya sauke tulunansa ya juyo. Gajere ne, baƙi, ba mu taɓa ganinsa ba. Ya ce, "Na'am, Inna? Ruwa ne?"

Hajo ta dube shi. Ta ce, "A'a, ɗan nan. Yi haƙuri, ba kai ba ne." Ya saɓa kayansa ya tafi.

Ta juyo gare ni, hawaye na bin fuskarta, ba ta ko share ba. Ta ce, "Asabe, ashe ba shi da wuyar faɗa."