Lubabatu da Katin Kamalu

Lubabatu 'yar ƙauyen Duza ce, kuma tunda na fara aikin jinya a Anka ban ga mai tsabta irinta ba. Ba tsabtar ado nake nufi ba. Idan ta shigo ofis sai ta goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, ta goge maɓallan kwamfuta, ta wanke hannu har gwiwa, sannan ta zauna. Nakan tsokane ta in ce wata rana za ta wanke fatar hannunta ta tafi da ruwan. Takan yi murmushi kawai, ni kuwa daga baya na ji kunyar wannan wasa.

Shekararta goma sha ɗaya a 2010, lokacin da gubar dalma ta shiga garinsu. Maza na kawo duwatsun zinariya gida, ana dakawa a tsakar gida, yara na rarrafe cikin ƙurar. Ɗan farin yayarta Sahura ya fara suma da farfaɗiya, kwana huɗu ya rasu yana da shekara uku. Ƙanwarsa Bilki ta tsira, amma har yau karatu ba ya zama a kanta, wani lokaci kuma takan faɗi. Lubabatu ta ga masu aikin agaji sun kankare ƙasar gidansu da shebur, sun kwashe a buhuna, sun zuba sabuwa. Abin da ta koya ke nan tun tana ƙarama: tsohon abu shi ke kisa, a kwashe shi.

Ta yi karatun kwamfuta a Ƙaurar Namoda, ta dawo ta kama aiki a wata ƙaramar ƙungiya da nake wa aiki, mai bibiyar yaran da suka tsira. Duk sakamakon gwajin jininsu, yara ɗari uku da 'yan kai, yana cikin wata tsohuwar laftof da ke kuka kamar injin markaɗe. Da wannan tarihin ne likita a Gusau ko Sakkwato zai san abin da ke damun yarinya irin Bilki. In babu shi, sai a ce aljanu ne ko taurin kai.

Aikin Lubabatu shi ne ta ciro manhajar da ke riƙe da bayanan yaran daga laftof ɗin ta sa ta cikin abin da suke kira kwantena. Ta yi mini bayani sau uku kafin in gane. Wai akwati ne a cikin kwamfuta, ana rubuta masa takardar umarni layi-layi: ɗauko wannan, girka wancan, kunna kaza. Duk lokacin da aka gina shi sai ya fito sabo fil, ba ragowar jiya a ciki, kuma zai yi aiki iri ɗaya ko a Anka ko a manyan kwamfutocin haya na wata ƙasa da suke kira gajimare. Da take faɗin “ba ragowar jiya” idonta har haske yake yi.

Mako uku ta yi tana fama. Sabis ɗin intanet na Anka kuwa sai wanda ya gani, ana tsakiyar sauke kaya ya ɗauke, ginin ya rushe, a sake daga farko. Kowane ginin da ya lalace yana barin tarkace a kwamfutarta, tarkacen kuma na damunta fiye da yunwa. A ƙarshe kwantenar ta tashi. Ta kwafe bayanan yaran zuwa wata ma'ajiya da ke liƙe da ita, ta fara tura su gajimare. Kwana biyu bayan haka tsohuwar laftof ta mutu, kamar dama jira take.

Haris, shugaban sashenmu, ya ce mata kada ta taɓa komai sai an gama tura bayanan. Amma ranar Laraba da hantsi kwamfutarta ta nuna wuri ya kusa cika. Lubabatu ta tsayar da kwantenar, ta buga umarnin da ke share duk abin da ba a amfani da shi a lokacin. Kwamfutar ta tambaye ta ko ta tabbata, ta ce e. Da yake kwantenar a tsaye take, ita ma da ma'ajiyarta an ƙirga su cikin tarkace, aka share su. Abin da ya riga ya isa gajimare yara arba'in ne, kuma babu Bilki a ciki.

Ina gefenta. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta je famfo ta yi ta wanke hannu har sai da na je na kashe ruwan. Na ji haushinta ranar, ba zan ɓoye ba, amma tausayinta ya fi yawa.

Ni na tuna mata da katunan. A 2010 duk yaron da aka gwada an ba uwarsa kati, matan ƙauye kuwa ba sa yar da takardar asibiti. Lubabatu ta gyara takardar umarnin, ta sa ma'ajiya ta riƙa kwafar kanta waje biyu, sannan muka hau babur. Tungar Guru, Adabka, duk inda hanya ta yi lafiya a ranar. Katunan na fitowa daga ƙasan kwalla, daga cikin leda, wasu gara ta ci gefensu. Wata biyu muka yi, muka samu ɗari biyu da sittin. Sauran ba mu same su ba har yau.

Duza ta bari ƙarshe. Sahura ta shimfiɗa mana tabarma, Bilki na zaune kusa tana gyaran wake. Sahura ta shiga ɗaki ta fito da kati biyu.

“Wanga na Bilki na,” in ji ta. “Wanga kau na yaron na.”

Ɗan fari ne, saboda kunya Sahura ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko yana raye. Lubabatu ta ce mata a hankali manhajar ta masu rai ce, waɗanda ake bibiya, an cire waɗanda suka rasu tun da daɗewa. Sahura ba ta janye hannunta ba.

“An kwashe ƙasad da ya taka, an kwashe tuhwahinai,” ta ce. “Ki sanya shi ciki. Kak ki share shi.”

Katin ya yi ja da tsohuwar ƙura a gefe. Na ga Lubabatu ta dubi ƙurar, na ga hannunta ya tsaya. Sai ta karɓa ba ta goge ba, ta ɗora shi a cinya, ta buɗe kwamfutar ta rubuta: Kamalu, shekara uku, Duza.