Bangon Gwaggo Gawayi

Ku da kuka tashi kuka tarar ana kitso a shago, ga madubi ga fanka, ba ku san Gwaggo Gawayi ba. Allah ya jiƙanta. Ita a tsakar gida take nata, kan 'yar kujera, tsinke a baki, kwalbar mai a gefen ƙafa. Gajeriya ce, ga faɗa, amma hannunta kamar auduga. Maigidanta direba ne, 'ya'yanta duk maza, sai ta mai da 'yan matan unguwa nata.

To sunan nan, bango ne ya ja mata. Duk yarinyar da aka kawo, in an tsefe an wanke, gashi ya sha iska ya miƙe, sai ta tsayar da ita ta fuskanci bango da hantsi. Inuwar kan na fitowa, ta ɗauki gawayi ta zagaye. Bangon nan duk kawuna ne, kowace ta san nata. Maigidan ya yi mita har ya haƙura.

Ran nan matar tela ta shigo da 'yarta, wadda 'yan makaranta ke ce wa Sheƙa, wai kanta kamar sheƙar tsuntsu. Yarinya ta ƙunshe kai da ɗankwali, uwar na riƙe da robar man nan mai kwantar da gashi.

"Gwaggo, shafa mata mu huta. Kullum da kuka take dawowa. Ga mataji, duk na gidan ta karya musu haƙora."

Gwaggo ta kalli robar. Ta san man nan sarai, ta ga kan da ya ƙona, ta ga goshin da ya zube bai dawo ba. Amma ta san in ta tsaya wa'azi, gobe a wani gidan za a shafa.

Ta ce, "Zan shafa. Sai dai ba a zama gabana ba a tsaya a bango ba."

Da ƙyar yarinyar nan ta cire ɗankwali, don akwai yara masu jiran layi. Aka wanke, aka bar shi ya bushe. Kai! Gashi ya tashi kamar hadari. Ta tsaya jikin bango ido a rufe. Gwaggo ta fara ja da gawayi, tana ja tana ɗage, har zanen ya haɗiye na 'yar malamar asibiti, wadda ta daɗe tana cika baki nata ya fi na kowa.

Mai shi, da ke cikin masu jiran layi, ta yi tsalle. "Wallahi ban yarda ba! An yi mata ƙari!"

"Da gashin wa? Na kakanki mai sanƙo?"

Yara suka kwashe da dariya. Sai lokacin yarinyar ta buɗe ido. Ta karkata kai, inuwa ta karkata.

"Gwaggo, wannan kaina ne?"

"A'a, nawa ne." Gwaggo ta karɓi robar ta buɗe, warin ya cika gida. "Zo zauna. Amma ki kalle shi da kyau, gobe inuwarki kamar ta ƙwai za ta koma."

"In an shafa, zai sake tashi?"

"Sai dai sabo ya tsiro. Wannan kam ya tafi."

"Za su daina ce mini Sheƙa?"

Gwaggo ba ta yi wa yara ƙarya. "Su nemo miki wani. Ni nan ina da sunan da ubana ya sa mini, wa kika ji yana kira? Na rame?"

Yarinya ta taɓa gashin da yatsa. Can ta juya.

"Umma, a bar shi."

"To wa zai taje?"

"Ke mana," in ji Gwaggo. "Jiƙa shi, raba shi, ki faro daga baki. Ba noma ba ne da za ki kafa daga tushe."

Ranar ko kitson yarinyar ba ta yarda an yi ba. Haka ta fita titi da shi a tsaye, uwar na biye da roba a hannu, tana cewa ta jira ta mana.