Ba-Komai da 'Yan Rakiyar Burauzarsa

Ƙanena Ba-Komai bai iya ƙi ba tun da aka yanke masa cibiya, shi ya sa sunan ya bi shi. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ita ke ƙi a madadinsa. Da ta rasu sai ya koma gida ba ƙyaure.

Aikinsa buga takardu da nemo wa mutane abu a intanet, a wani shago da in ka yi atishawa sai ka bugi bango, tsakanin mai gyaran takalmi da tela. Kwamfutarsa ma halinsa ta ɗauko. Burauzar, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, dama ta zo daga kamfani da 'yan ƙare-ƙarenta: mai fassara, mai duba farashi, mai gaya maka ko ana ruwa kamar ba ka da taga. Sauran shi ya kwaso. Duk wanda ya leƙo allo ya nemi masauki sai ya danna masa "to", wai korar baƙo rashin tarbiyya ne. Kowace safiya kuwa sai 'yan rakiyan nan sun farka ɗaya bayan ɗaya, sun yi miƙa da hamma, kafin burauzar ta buɗe.

A cikin jiran nan ƙanena ke rayuwa. Ya danna, ya ja kujerarsa zuwa ƙofar tela, wai yana jiran na'ura. Telar bazawara ce, bakinta ya fi almakashinta kaifi. Shekara da shekaru yana riƙe mata bakin yadi, yana zura mata zare a allura da idon da shi ma lalube yake, amma bai taɓa furta abin da ke kai shi ba. Duk layin an sani.

Ana haka 'yata mai aikin kwamfuta ta je buga takarda, jira ya ishe ta. Ta ture kawun nata gefe, ta goge waɗanda ya kwaso, na kamfanin da ba sa goguwa ta kashe su, ta hana su tashi tare da burauzar. Yana tsaye a kanta yana godiya, fuska kamar ta mai karɓar gaisuwar mutuwa.

Washegari ya danna, kafin ya taɓa kujera abu ya buɗe tar. Hujja ta ƙare. Ya zauna yana aiki kamar mutumin kirki har ya fara ramewa. Ya zo gidana yana kame-kame, wai ko yarinyar za ta mayar masa da mai hasashen ruwan nan, yana da amfani ga noma. Na tambaye shi gonar wa. Na ce tsoho da furfura har a kunne ba ya ɓuya a bayan na'ura. Ko dai ya je ya yi wa telar magana, ko ni in je, kuma zan ƙara gishiri.

Ashe telar ta riga mu duka. Ta leƙa shagonsa da tef ɗin awo a wuya.

"Malam, na ji an gyara na'urarka, kai kuma ka lalace. Ni ban iya jira irin naka ba. In akwai magana faɗe ta yanzu, na bar dutsen guga a kan rigar mutane."

"Dama... cewa na yi ko za ki duba ni."

"Na daɗe da dubawa. Ƙarasa."

Ya ƙarasa, ya nemi aurenta. Mai takalmi, da ya manna kunne a bango, ya ce rabin maganar tari ne, amma ta karɓa a haka. Rigar dai ta ƙone ƙurmus, kuma mai ita har yau ba ya amsa gaisuwarsu.