Abokina da Madubin Babanmu

Shekarun baya, lokacin ina karatu a Samaru, akwai abu guda a gidanmu na Sabon Gari da ba mai taɓawa sai mahaifina: madubinsa na hangen nesa. Dogo ne kamar bututun ruwa, yana tsayawa a kan ƙafa uku. Tun yana koyar da labarin ƙasa a sakandare ya saye shi, kuma mu 'ya'yansa iyakarmu mu leƙa da ido ɗaya idan ya ga dama.

Wata shekara wani tsohon ɗalibinsa ya aiko masa da tsaraba daga ƙasar waje. Wani kai ne mai ido biyu da ake ɗaura wa madubin, don mutum ya kalli sama ba sai ya runtse ido ɗaya ba. Baba ya ɗaura, ya leƙa, bai ga komai ba sai dishi-dishi. Ni ma na ce bari in gwada. Na murɗa nan, na kwance can, har sai da ya ce, "Ajiye haka, kar ka ƙarasa min shi."

Ranar Asabar ɗin da ta biyo baya na zo gida da abokina, wanda muke ɗaki ɗaya a makaranta. Tuwon Mama ne ya kawo shi, ba wani abu ba. Da ya ga kayan a falo sai ya durƙusa ya ce, "Baba, ko za ku bar ni in duba?"

Ina jiran in ji an kore shi, sai na ji Baba ya ce, "Duba mana."

Ya zazzage kwalin, ya ɗauko wani ɗan ƙaramin gilashi da ni na ɗauka murfi ne. Ya ce sabon kan yana ƙara wa haske tsawon tafiya, don haka sai an ɗaura wannan a gabansa kafin hoto ya fito. Suka fitar da madubin tsakar gida tun da sauran rana, suka saita shi a kan wani tankin ruwa can wajen Chikaji, har suka iya karanta rubutun jikinsa. Da rana ta faɗi wata ya fito, suka juya shi sama.

"Baba, ku riƙe shi da hannu biyu," in ji abokina. "Ku buɗa ko ku matse a hankali, har da'ira biyun su zama ɗaya."

Baba ya riƙe, ya matse a hankali. Can sai ya ce, "Kai! Kamar in miƙa hannu in taɓa ramukan nan!" Ya ƙwala wa Mama kira ta baro tukunya a wuta. Sannan ya dafa kafaɗar abokina ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka."

Ɗana! Ina tsaye riƙe da kwali.

Da aka zo kaina, na leƙa na ga wata biyu suna hawan juna. Abokina ya matso zai gyara min, na ce ya bari, na gani, ai ba wani abin mamaki ba ne.

Daga ranar, duk lokacin da Baba ya kira ni a waya, kafin ya tambayi karatu sai ya ce, "Abokinka zai zo Asabar?" Har shagunan PZ suka je tare neman wani noti da ya ɓace, suka dawo suna dariya, da ledar tsire a hannu. Ni da tun ina yaro ban taɓa jin Baba ya yi hira da wani haka ba. A ɗakinmu kuwa na daina amsa wa abokina magana sai da "uhm", shi ko a jikinsa, ya ɗauka jarrabawa ce ta dame ni. Mama ce kaɗai ta gano. Ta kalle ni ta ce, "Kai da gemunka, kishi kake yi?" Na ce Allah ya kiyaye.

Shekarar da muka gama makaranta, Baba ya yanke shawarar komawa garinmu a kudancin Kaduna. Idonsa ya fara rauni. Muna ɗaure kaya ya kira ni, ya nuna madubin ya ce, "Wannan fa, kana so?"

Ina so kamar me. Amma abin da nake jira shi ne ya ce nawa ne ba tare da ya tambaya ba. Sai na ɗaga kafaɗa na ce, "Ni me zan yi da shi? A ba wanda ya iya."

Baba ya ce, "To, shi ke nan. Ka kai masa."

Ni na rungume shi a cinya cikin bas tun daga Sabon Gari har Samaru, kwandasta na ta mitar na tare wa mutane wuri. Abokina da ya gani har da hawaye, ya rungume ni yana cewa ba shi da ɗan'uwa kamata. Na ce ba komai.

Yanzu mun girma, 'ya'yana Kawu suke ce masa, kuma madubin na nan a gidansa, yana kula da shi fiye da yadda zan iya. Na san wannan. Amma ba zan ɓoye muku ba, duk ranar da na ga ya fito da shi tsakar gida, sai kishin nan ya dawo min sabo.

Abin da na koya shi ne, idan wanda kake ƙauna ya tambaye ka ko kana son abu, ka faɗa masa gaskiya, don ba kowa ke iya karanta zuciya ba. Kafin Baba ya rasu na taɓa yi masa zancen cikin wasa, na ce ai ni ya kamata a ba. Ya juyo ya dube ni da mamaki na gaske, ya ce, "To me ya hana ka faɗa? Ai kai na fara tambaya."