A Ina Ya Wuni

Gidanmu na Umbadda, wata unguwa a gefen Khartoum, ɗaki biyu ne da tsakar gida, kuma a tsakar gidan nan kakarmu take hura wuta bayan sallar magariba. Habboba muke kiranta, yadda 'ya'yan maƙwabtanmu Larabawa ke kiran tasu. A shekarar da nake ba da labari, ƙanwata Hawwa, 'yar shekara huɗu, ba ta da lafiya. Ciki ke murɗa mata, ta daina cin abinci, ta koma kuka da rigima, ita da a da bakinta ba ya hutawa. Tatsuniya kaɗai ke sa ta lafa.

Baba ya baro gonakin audugar Jazira, ya samu aiki a Bahri, a wani gareji da ake fasa tsofaffin batiran mota a narka dalmar da ke ciki. Gawayi ya yi tsada, sai ya riƙa kwaso mana baƙaƙen kwandunan roba na batirin, da su muke hura wuta. Suna ci ba wasa, hayaƙinsu da ɗan zaƙi a maƙogwaro. Baba na shigowa, tun bai tuɓe jallabiyar aiki ba, Hawwa za ta haye cinyarsa ta cusa fuska a ƙirjinsa.

"Ga ta nan, ta tsallako kogi," in ji Habboba, don haka take buɗe tatsuniya.

"Ta shigo ta zauna," mu amsa.

Wai a wani gari akwai mai magani, gwani, amma wani tari da ke kama mazan garin ya gagare shi. Maza na zuwa suna haki, ya ce musu ina wuni, su ce lafiya lau, ya ba su saiwa da zuma, su koma gida su mutu. Rannan wata tsohuwa mai nauyin kunne ta kawo ɗanta. Mai magani ya ce, "Ina wuni, Iya?" Ita kuwa ta ji kamar tambaya ce. Ta ce, "A ina zai wuni in ba ramin sassaƙa dutsen niƙa ba?" Mai magani ya bi su ramin, ya tarar da ƙura kamar garin tuwo, ya tarar duk masu tarin a nan suke wuni.

Habboba kan kama kunnenta tana kwaikwayon tsohuwar, mu yi ta dariya har Hawwa ma ta ɗago. "Ku dai yi dariya," ta ce. "Kurmar nan ita kaɗai ta amsa gaisuwa da gaskiya."

Sau uku Inna ta kai Hawwa asibitin unguwa. Likitan mutumin kirki ne, wallahi ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Ya tambayi zazzaɓi, ya tambayi sauro, ya ba da magani. Da ta fara jijjiga, mata suka ce iska ce, aka yi ta turare. Ba wanda ya tambayi sana'ar ubanta. Kafin damina ta fita muka rasa ta, Habboba kuma ba ta ƙara yin tatsuniya a gidan nan ba.

Na girma na zama ma'aikaciyar jinya. Sai da na fara furfura aka tura mu Khartoum kwas na ƙarin ilimi a kan cututtukan da mutane ke kwasowa a wurin aiki da muhalli. Na tafi ina gunaguni, ni da nake ganin ba abin da ya rage a koya mini. A rana ta biyu wata dattijuwar likita ta zo kan gubar dalma: murɗar ciki, ƙin abinci, sauyin hali, jijjiga. Ta ce uba kan kawo ta gida a jikin tufafinsa, wasu kuma har ƙona kwandon batiri suke yi. Ta ce kada mu sallami yaro ba mu tambayi inda manyan gidansu ke wuni ba. Na ajiye biro, na fita bayan aji na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza.

Tun daga nan ba na yarda da "lafiya lau", ba na yarda da "aiki da godiya". Mutanenmu sun iya rufa wa wahala asiri, kuma ladabin nan yana kashe mu. Nakan tsare mutum da tambaya har ya ji haushina.

Amma Baba na yi niyyar ɓoye masa. Ya tsufa, hannayensa sun saki daga wuyan hannu, ni nake riƙe masa kofin shayi. Ranar da na gama kwas ɗin ya kurɓa sau biyu ya dube ni.

"Ciwon Hawwa, an koya muku sunansa?"

"An koya mana, Baba."

"Yana da magani?"

Ban taɓa yi masa ƙarya ba. Na ce yana da shi. Ya daɗe yana kallon hannayensa, sannan ya ce in ɗauke shayin, ya ƙoshi.