Ranar da Littafi Ya Amsa wa Kaka

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ranar ɓarar gyaɗar nan a gidan kakarmu ba za ta fita daga raina ba. A ƙauyenmu ne kusa da Gazawa, bayan an kwashe amfanin gona. Mu uku muke zaune a inuwar bishiyar bedi, ni da Kaka da ƙanwata, autarmu, ga tulin gyaɗa a gabanmu.

A shekarun nan littattafan soyayya da ake karantawa a waya sun kama mu kamar zazzaɓi. Auta ce ke da babbar waya, wadda saurayinta, wani mai fatauci zuwa Najeriya, ya saya mata. Sai mu jefa ta cikin kwano don murya ta ƙara ƙarfi, hannu na aiki kunne na sauraro.

Jarumin littafin da muke ji attajiri ne, kyakkyawa, ga baƙar zuciya. Ya kulle yarinya a ɗaki, ya fasa mata waya, ya mare ta don ta gaida ɗan kawunta, sannan ya durƙusa yana kuka wai so ne ya yi masa yawa. Auta ta lumshe ido ta ce, "Wanga shi ne namiji."

Na yi dariya, amma ta ciki na ciki. Na riga na ga shatin yatsu a wuyan hannunta, kuma ko kasuwa ba ta zuwa sai ta tambayi saurayin nan. Da na yi mata magana, cewa ta yi wanda ba ya kishinki ba ya sonki. Ga shi manyansa na shirin zuwa gaisuwa, ni kuwa na rasa ta inda zan ɓullo mata.

Ita Kaka har abada ba ta yarda littafi ƙage ne ba. A wurinta, wata baiwar Allah ce ke ba da labarin abin da ya faru a garinsu. Bini-bini sai ta tafa hannu ta ce, "Wai ɗiyar nan ba ta da dangi?" Mu yi mata bayani, ta gyaɗa kai, an jima ta sake tambaya.

Ana cikin haka kira ya shigo, karatu ya tsaya. Auta ta miƙa yatsa da niyyar katsewa, ashe amsawa ta yi. Saurayin ne, kuma da ihu ya fara, kwano ya watsa muryarsa ko'ina cikin gida.

"Wa ya ba ki izinin tahiya Gazawa jiya? An gan ki kina dariya da mai kabu-kabu! Wallahi in na zo sai na karya hannun nan. Ke tawa ce, kin ji ko?"

Kaka, da idonta ya yi rauni, ta ɗauka littafin ne ya ci gaba. Ta watsar da gyaɗar hannunta, ta sunkuya a kan kwanon.

"Kai dai an yi ɗan banza! Kullum duka, kullum kuka! Ke kuma ɗiyar nan, tashi ki tahi gidanku tun kina da ƙahwa. Wanga ba so ba ne, ciwo ne!"

Can muryar ta ce a sanyaye, "Wa... wa ke magana?"

Kaka ta ja da baya da sauri. "La'ilaha illallahu! Yau littahi ya amsa!"

Na yi dariya har da hawaye. Da na ɗago, sai na ga Auta ita ma hawaye take, amma ba na dariya ba. Nan take tsohuwa ta gane. Ba ta yi faɗa ba. Ta jawo hannun Auta ta shafa shatin nan a hankali, sannan ta ce in ɗauko mata tsohuwar haiwarta ta noma da ke jingine jikin rumbu.

"Kakanku bai taɓa ce mini ina sonki ba," ta ce. "Amma damanar hwarko ya ga ƙotar nan ta hi tsayina, tana sa mini ciwon kahwaɗa. Ya zauna ya rage ta, ya goge ta don kada ta huda mini hannu. Auta, taɓa ki ji."

Auta ta riƙe ƙotar nan mai santsi, tana shafa ta. Kafin la'asar ta cire layinta, ta naɗe wayar a ɗankwali, kawunmu ya mayar wa mai ita. Gaisuwar da ba a zo ba ke nan.

Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta, Auta kuma ta auri wani, tana ɗakinta lafiya lau. Har yau ina jin littattafan nan, ba zan ɓoye ba. Sai dai tun ranar na koyi cewa abin da ke da daɗin ji a cikin kwano, in ya fito daga bakin mutum na gaske, gudu ake yi. Mai sonki shi ne wanda ke tsoron abin da zai ji wa hannunki ciwo.